Tallafin noma: wanne ke zama a gona bayan masu shiri sun naɗe tabarmarsu?

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena, shawara na zo nema. Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, gonar gida ta dawo hannuna ni da ƙannena biyu. Jigawa ce tsantsa, arewa da Gumel ta hanyar Maigatari, za ta kai hekta biyu da rabi. Ina yaro na san ana cika rumbu biyu daga gonar nan. Bana geron da muka samu bai kai mu azumi ba. Ƙasar ta koma farin rairayi, ƙuduji ya cinye gefen gabas, kuma in iskar farkon damina ta taso sai ta binne shuka, sai mun sake sau biyu ko uku. Kullum a rediyo ana maganar tallafin manoma, yau wannan shiri gobe wancan. Ta ina ake shiga? Wanne ne na gaske? Ni wanda zai gyara min ƙasa nake so, buhun taki na shekara ɗaya ba zai fitar da mu ba.

Na Argungu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi. Ƙanena, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka tambaya da bakinka: kyauta ce ko bashi? A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a nan Kebbi. Sunansa ma ya faɗa, rance ne, a lokacin ana ba ka iri da taki da magani ka biya da shinkafa. Amma da yawanmu muka ɗauke shi rabon gwamnati, laifin namu ne. Ni na karɓa, ambaliyar 2020 ta zo ta shafe fadamar gaba ɗaya, ruwa ya janye ya bar ni da bashi. Kalmar "tallafi" ɗin nan ana sa ta a kan komai yanzu.

Malamin Gona Mai Ritaya: Na Argungu ya fara da inda ya kamata. Ɗana, na yi shekara talatin da wani abu ina yawon ƙauyuka a kan babur, bari in rarrabe maka su yadda na san su.

Akwai wanda ake ba ƙungiya kaya ita ma ta kawo nata kason. Haka shirin Fadama ya yi aiki. Fadama ta ɗaya, wadda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi a farkon shekarun 1990, ita ta yaɗa rijiyar burtsatse ta hannu da ƙaramin injin ban ruwa a fadamun Arewa. Ta uku da ta fara a 2008 ta game duk jihohi 36 da Abuja, kuma ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiyar masu amfani da fadama, ita kuma ta biya kashi 30 cikin 100 na kuɗin kayan aikin da ta nema. Akwai asusun juyawa, wanda ake ba al'umma kuɗi su ranta wa junansu, a dawo da shi a ba na gaba. Akwai kuma wanda ba ya ba ka ko sisi sai ilimi da gonar gwaji, irin aikin da ƙungiyar koyar da noma ta Sasakawa take yi a ƙasar nan tun 1992.

Wanda ya fi kusa da matsalarka a yanzu shi ne ACReSAL. Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, dala miliyan 700, jihohin Arewa 19 da Abuja, manufarsa farfaɗo da ƙasa hekta miliyan ɗaya da ta lalace. Jigawa tana ciki, kowace jiha tana da ofishinta. Amma ka sani, su ma ta hanyar al'umma da ƙungiya suke bi. Ka fara da malamin gona na yankinku da sashen noma na ƙaramar hukuma, sannan JARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Jigawa. Ku yi rajistar ƙungiya mai takarda da asusun banki da littafin taro. Duk shirin da ya zo, ƙungiyar da ya tarar a tsaye yake fara dubawa.

Matashin Manomi: Baba, da girmanka, amma mu da muke ƙasa mun san yadda ake yi. Shekara biyu da suka wuce wani shiri, ba zan kama suna ba, ya zo garinmu. Aka ɗauki sunayenmu da hotunanmu, aka kafa allo a bakin titi. Ranar rabo sai muka ga fuskokin da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Washegari injinan feshin suna kasuwa. Ɗan Gumel, in ba ka da uwa a gindin murhu kada ka ɓata takalminka.

Malamin Gona Mai Ritaya: Ban musa maka ba, na gani da idona, kuma abin yana ci min rai har yau. Amma ka lura da abu ɗaya: abin da ake sacewa shi ne abin da ake iya ɗauka a kai kasuwa. Ba wanda ya taɓa karkatar da ramin da aka haƙa a gonarka.

Baba Mai Gawo: Salamu alaikum. Ni daga wajen Agye nike, jihar Maraɗi, ɗana ne ke rubuta mani abin da nike faɗi. Yaro Ɗan Gumel, gonar da ka kwatanta kamar tawa ka gani a shekarar 1984. Mu ma haka munka zama: iska ta binne hatsi, mata su yi tafiyar rabin wuni neman icce, har kashin shanu da kara munka riƙa ƙonawa a murhu, ga shi su ne abincin ƙasa.

Furoje, wato shirye-shiryen tallafi, iri-iri sun zo da dashen itace. A kawo dogon yaro da turare a leda, a dasa, a ɗauki hoto, rani ya yi awaki da gara su gama da su. Sai wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, shi ma ya gaji da dashen da ba ya kamawa. A 1983 yana kan hanya ya tsaya rage iskar taya don ya wuce rairayi, sai ya lura da ɗan kurmin nan da muke sarewa duk shekara lokacin sassabe. Ya duba ganyen ya ga ashe icce ne, kututturen da anka sare ne ke tohowa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan abin da muke kira sassabin zamani ya faro. Ba ka dasa komi. Kana sassabe ka iske gindin kalgo ko sabara ko gawo ko magarya ya yi toho ashirin, sai ka zaɓi masu ƙarfi uku zuwa biyar ka bari, ka sare sauran, ka share rassan ƙasa har rabin tsawon. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, shekara biyu zuwa uku ya fi ka tsawo.

Ga inda maganar tallafi ta shigo, kuma ina so Matashin Manomi ya ji. Da yunwar 1984 ta zo, anka yi rabon abinci a bakin aiki a ƙauyuka kusan ɗari, sharaɗin shi ne ka bar itace a gonarka. Mutane sunka bari don abinci. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan an sare su. To amma waɗanda sunka bar nasu, maƙwabta sunka ga hatsinsu bai binne ba, ga iccen girki, ga na sayarwa. Sai waɗanda sunka sare sunka dawo da kansu, ba wanda ya ba su ko tiya ɗaya. Yau masu bincike na cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, itace wajen miliyan 200. A 2018 an ba Rinaudo kyautar Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

Ka je gonarka ka ƙirga kututture tukuna, kafin ka je ofis.

Matashin Manomi: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ai labarin naka ya tabbatar da maganata. Tallafin ya ƙare mutane sun sare. Ashe kuɗin ya tafi a banza ke nan.

Baba Mai Gawo: A'a ɗana, bai tafi banza ba. Ba don abincin nan ba, ba wanda zai yarda ya gwada. A lokacin duk wanda ya bar kurmi a gona ana ce mai rago, gonarsa ƙazama. Ni kaina surukina ya kira ni ya yi mani faɗa. Abincin ne ya sa ƙauye ɗari sunka gwada lokaci guda, ido ya gani. Amma abin da ya riƙe shi bayan nan amfanin da ke ciki ne.

Ɗalibin Samaru: Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Baba wanda sau da yawa ake tsallakewa. Ba dabarar yanka kaɗai ta kawo canji a Nijar ba, har da maganar wa ya mallaki itacen. A dokar gandun daji ta zamanin Faransa, itace na hukuma ne ko da a gonarka yake, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan a aikace, aka sake dokar gandun daji a 2004, sannan a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. A ƙauyen Ɗan Saga kusa da garin su Baba, inda shirin IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi aiki, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido, har da mata da Fulani a ciki, suka yi dokokinsu na wanda ya saci itace.

Gawo kuma dama ba baƙo ba ne. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ya fitar da ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa su yi kashi a gindinsa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Tun ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya da Mirya ya ga abin da ake nufi, kuma daga Maigatari ba wani nisa ba ne.

Ɗan Gumel: Wallahi jikina ya yi sanyi. Mu duk shekara kafin damina aikinmu na farko shi ne mu sare sabarar nan ƙasa-ƙasa mu tara mu cinna wuta. Tun ina ɗan shekara goma nake yi. Amma Baba, tsuntsaye fa? Kawuna yana cewa itace a gona gidan jan baki ne.

Baba Mai Gawo: Haka munka ji tsoro mu ma. Jan baki in ya zo da yawansa ba ya tambayar ko kana da icce, daga fadama da kurmin nesa yake tasowa. Abin da na gani a gonata, tsuntsayen da ke zama kan iccen suna cin tsutsa da fara. Ka fara da kaɗan, kamar arba'in a hekta, ka ga yadda hatsin zai yi, sannan ka ƙara. Kalgo da sabara in sun yi duhu sai ka rage masu rassa farkon damina, ga iccen girki ka samu.

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo, tun ɗazu maza ke magana kamar mu ba ma noma. Ni ina noman wake da gyaɗa a wajen Bichi, ina kuma saye in ajiye. A duk abubuwan da aka kawo da kuɗin tallafi, wanda ya canza rayuwata buhu ne. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, asalin gwajin a arewacin Kamaru aka yi, sannan a 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a Afirka ta Yamma. Abin da suka yi da kuɗin shi ne ya burge ni. Ba rabon buhu suka tsaya yi ba. Sun bi ƙauye-ƙauye ana zuba wake a gaban jama'a a ɗaure, bayan wata huɗu zuwa shida a dawo a buɗe a gaban kowa. Sannan suka sa masana'anta a Kano tana yi, 'yan kasuwa suna sayarwa. Shirin ya ƙare tuni, amma yau in na shiga Dawanau zan saya da kuɗina.

Da can kaka na yi dole in sayar da arha, don in na ajiye ƙwari su mayar da shi gari, ko in zuba magani in ci da 'ya'yana. Kun tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Yanzu sai in shanya ya bushe ƙarau, in duba ledar ba huda, in matse iska, in ɗaure kowace leda daban, in ɗora a kan katako nesa da ɓera. Ƙwarin iska ce ke ƙare musu su mutu. Ɗan Gumel, duk gyaran ƙasar da za ka yi, in ka sayar da kaka ka sayo da bazara wahala ka yi wa wani.

Sai ƙorafina. Yawancin shirye-shiryen nan in sun zo sai su ce a kawo shaidar gona. Mace nawa ce gona ke da sunanta? Gayaunar da miji ya ba ka aro, ranar da ta yi kyau yana iya karɓewa. In na raini itace shekara biyar a gonar da ba tawa ba, na wa na raina?

Malamin Gona Mai Ritaya: Hajiya, tambayarki ta fi ƙarfin malamin gona. Abin da na ga ya yi aiki shi ne ƙungiyar mata ta je wajen dagaci a ba ta fili da takarda da shaidu, na shekaru sanannu. Sau da yawa filin da ake bayarwa fako ne wanda ba mai so. In an farfaɗo da shi sai masu ido su taso, shi ya sa takardar take da muhimmanci tun ranar farko.

Maman Khalifa: To ai ka faɗa da bakinka Malam. Fako ake ba mu.

Ɗan Ader: Hajiya, fakon ma in an san shi yana ba da abinci, mu nan Tawa shi muka gada. Ƙasar da ta yi tauri kamar siminti, ruwa ya zuba ya gudu. A 1989 wani shiri na IFAD a Illela ya ɗauki manoma 'yan kaɗan ya kai su Yatenga ta Burkina Faso su ga yadda ake ramukan zai. Da sunka dawo sunka gwada, mu muke ce mashi tassa. Da rani kake haƙa rami, faɗin kamar taƙi ɗaya da rabi, zurfin kamar taƙi, ƙasar da ka fitar ka tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa. Ka zuba taki na gida cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse nan, ka shuka a ciki. Inda gangaren ya fi, sai ramuka masu siffar rabin wata, a jera su bakinsu na kallon inda ruwa ke fitowa. Har ta kai mutane na sayen fako da kuɗi don su gyara, abin da da kyauta ma ba a karɓa.

Amma kada in ɓoye maku, aiki ne mai karya baya. Hekta ɗaya rami dubu goma ne ko fiye, cikin zafin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma samari sun tafi cin rani. Nan ne tallafi ke da wurin shiga na gaskiya: abinci ko kuɗi a bakin aiki, da diga da shebur da amalanken ɗaukar taki. Wanda ke cewa talaka ya yi da kansa ba ya buƙatar kowa, bai taɓa haƙa tassa da yunwa ba.

Sai dai Ɗan Gumel, kai jigawa gare ka. Tassa ba ta rairayi ba ce, ramin zai rufe da iskar farko. Taka ita ce ta Baba Mai Gawo, da barin kara a gona.

Bappa Makiyayi: Na karanta duka. Ina da magana, kuma ina roƙo a fahimce ni. Duk lokacin da aka ce an farfaɗo da fili, mu gabanmu faɗuwa yake, domin sau da yawa filin da ake kira ba na kowa ba, makiyayarmu ce ko burtali. A zo a kewaye da waya a dasa itace a sa mai gadi, ba wanda ya tambaye mu. Sannan ku ce a bar kara a gona, alhali karan nan shi shanu ke ci bayan girbi tun kakanni, mu kuma mu bar muku taki. In an rufe wannan ƙofar ina za mu?

Matashin Manomi: Bappa, ku ma ku faɗi gaskiya. Wa ke hawa gawo da rani ya sassare rassa har ya bar shi kamar sanda? Mutum ya raini itace shekara huɗu, dare ɗaya a gama da shi.

Bappa Makiyayi: Ana yi, ban ce ba a yi ba, kuma yaran da ke yi ba su kyauta ba. Amma masu gawayi da masu sayar da itace a mota fa, su ma Fulani ne?

Mai Kula da Zaure: Jama'a a yi hattara, kada mu koma zargin ƙabila. Kowa ya tsaya a kan gyara.

Baba Mai Gawo: Bappa yana da gaskiya, Matashi ma yana da gaskiya. Mu abin da ya kashe wannan wutar shi ne zama wuri ɗaya. Ardo na cikin kwamiti. An yarda makiyayi ya kakkaɓe 'ya'yan gawo, ya yanki ƙananan rassa da izinin mai gona, ba a taɓa kan icce. Ni da kaina nike kiran Bafulatani ya sauka gonata da rani, in ba shi hatsi, shanunsa su kwana nan wata guda. Icce ya ƙaru, abincin dabba ya ƙaru, har 'ya'yan gawo da na kalgo ana sai da su a buhu a kasuwa. Furojen da ya zo bai zauna da makiyayi ba, wayarsa ba ta shekara biyu.

Ɗalibin Samaru: Ɗan Gumel, kan ƙuduji da taki. Ƙuduji alamar ƙasa ce da ta gaji, kuma kowane tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu jira a ƙasa shekaru. Ka tumɓuke shi kafin ya yi fure, kada ka bari ya zuba. Gefen gabas ɗin ka huta da gero, ka sa gyaɗa ko wake, domin saiwarsu tana sa irin ƙudujin gero ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Wake ma yana da nasa ƙudujin daban, don haka ka nemi irin wake SAMPEA 14 ko SAMPEA 15 na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, an fitar da su ne don jure shi. Gero kuma akwai SOSAT mai saurin nuna, na cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa.

Takin zamani kuma ba sai ka watsa ba. Akwai dabarar da ICRISAT ta gwada a Sadore kusa da Yamai: giram 6 na NPK a kowane rami lokacin shuka, wato cikin murfin kwalbar lemo ɗaya. In ramukanka dubu goma ne a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Ka haɗa shi da takin gida, kada ka dogara da shi shi kaɗai. Ka kuma saurari hasashen damina na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da ake fitarwa farkon shekara, ana fassara shi da Hausa, zai rage maka shukar da iska ke binnewa.

Ɗan Ader: In ƙara wa Hajiya Maman Khalifa: mu nan akwai abin da ake kira waranta. Ƙungiya ta tara amfaninta a magaza, wato ɗakin ajiya, da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen asusun bashi. A ba ku rance a kan kayan ku yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Wani shirin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ne ya yaɗa shi. Da buhunki na PICS sai su yi daidai.

Maman Khalifa: Wannan kam zan kai wa ƙungiyarmu ranar adashi. Sai dai mu ji ko akwai ruwa a kan rancen, don matanmu da yawa ba za su shiga ba in akwai.

Malamin Gona Mai Ritaya: Tambaya ce mai kyau, ku yi ta tun kafin a zuba kaya. Ku da kuke Kano kuma an kawo muku KSADP, shirin noma da kiwo na jiha da Bankin Musulunci na IsDB ya sa wa kuɗi, dala miliyan 95, Sasakawa ce ta riƙe ɓangaren amfanin gona, ku tambayi malamin gonarku na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, abin da ya rage a yankinku.

Gargaɗi ɗaya ga kowa. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai danna nan ka cike fom ɗin tallafin manoma, ka tura wa mutum ashirin, ƙarya ce. Shirin gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom ta asusun wani mutum, ba ya tambayar lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka a waya. In ka ji shiri, ka taka da ƙafarka zuwa ofis ka tambaya.

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum, na dawo. Jiya da asuba na tafi gonar da ƙanena da igiya, muka bi layi-layi. Mun ƙirga gindi 137 masu toho. Mafi yawa sabara da kalgo, magarya tara, aduwa biyu, da ƙananan gawo shida da ban taɓa lura da su ba, duk da ni nake sare su kowace shekara. Na zauna a bakin gonar na daɗe ban ce komai ba. Na kuma je wajen malamin gona, ya ce akwai ƙungiya a garinmu da ta yi rajista amma ta daina taro, mun yi magana da mutum biyar za mu tayar da ita. Baba, da me zan yanka, kuma yaushe? Sannan kawuna ya ce in na bar kurmi a gonar ɗan'uwansa zai kai ƙarata wajen mai unguwa.

Baba Mai Gawo: Madalla ɗana. Yanzu da rani za ka yi, kafin ruwa. Ka wasa adda ko lauje ya yi kaifi sosai, ka riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Gawon nan shida kada ka rage masu komi bana sai rassan ƙasa, ka kewaye su da ƙayar magarya saboda awaki, ka ɗaura jan tsumma a kowane don mai huɗa ya gani. Rassan da ka yanke kada ka ƙona, ka shimfiɗa su inda iska ta fi kwasar ƙasa, ganyen ya zube nan sannan mata su kwashe iccen. Bayan wata uku ka koma, za ka iske sabon toho a gindi, ka cire.

Kawunka kuwa kada ka yi gardama da shi, uba ne. Ka riga shi zuwa wajen mai unguwa, ku tafi tare. Ka roƙe shi ya bar maka rabin gonar shekara biyu, rabin a yi sassabe yadda ya saba. In kana da hali bayan sallah ka ɗauko shi ku biyo ta Maigatari ku shigo Magarya ya ga gonakin gawo da idonsa.

Bappa Makiyayi: In za ku je wajen mai unguwar, ku aika a kira ardon yankin ya zauna. Jan tsumman nan sai an gaya wa yaranmu ma'anarsa kafin shanu su sauko.

Ɗan Gumel: In sha Allahu. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna, zan aika wa ardo tun gobe. Hajiya Maman Khalifa, buhun nan ana samunsa a kasuwar Maigatari ko sai na shigo Kano?